Zan iya sallamar yaron shagona don in ɗauki ɗan ƙanena?

Wani Alhaji mai shagon atamfa a babbar kasuwar Maradi ya tambaya: yaronsa ya shekara 7 yana masa aiki, albashinsa jika 60 (sefa dubu 60) a wata, bai yi laifi ba, amma ɗan ƙanensa ya gama makaranta yana zaune. Babu takarda tsakaninsu. Zai iya sallamarsa ƙarshen wata?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. A gaskiya doka ba ta ba ka wannan dama ba. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta ce sai da dalili na halal ake sallamar ma'aikaci: ko ya kasa aikin, ko halinsa ya ɓaci, ko kasuwa ta tilasta rage ma'aikata. Neman gurbi wa ɗan'uwa ba ya cikinsu.

Rashin takarda kuwa ba zai kare ka ba. Wanda ke buɗe shagonka kowace safiya, yana auna yadi, yana karɓar albashi ƙarshen wata, ma'aikacinka ne a idon doka, kuma maƙwabtanka na layi shaidu ne. In ya kai ƙara ofishin sufeton ƙwadago, za a fara neman sulhu. In sulhun ya ƙi, sai kotu, wadda ke iya ɗora maka diyya. Kuma za a tambaye ka ko ka yi masa rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa.

Ko da dalilinka na halal ne, akwai haƙƙinsa. Mai albashin wata ana ba shi wa'adin wata guda a rubuce, tare da dalili, ko a biya shi kuɗin watan. Sai kuɗin sallama, wanda yarjejeniyar da ƙungiyoyin ma'aikata da masu ɗaukar aiki suka ƙulla a 1972 ta tsara haka a lokacin: kashi 20 cikin 100 na albashin wata a kowace shekara cikin biyar na farko, kashi 30 daga ta shida zuwa ta goma. A wannan lissafi, naka yaron: jika 60 na shekara biyar na farko da jika 36 na sauran biyun, jika 96 ke nan. Da na wa'adi, jika 156, ban da kuɗin hutun da bai ci ba, da takardar shaidar aiki.

Ni dai da ni ne kai, zan riƙe shi. Ya san masu bashi, ya san dillalan Katsina da Kano. Sa ɗan ƙanen naka ya koya a hannunsa. In kuwa shagon ba zai ɗauki biyu ba, zauna da shi ku daidaita, ka ba shi jari kamar yadda iyayengida suka saba yaye yaransu, ku rubuta yarjejeniyar gaban sufeto.