Jini Yana Ɗaukewa Ya Dawo, Kuma An Hana Ni Kitso da Yanke Farce

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni matar aure ce, 'ya'yana biyu. Tun da na fara al'ada kwana 7 nake yi. To yau wata huɗu ke nan abin ya rikice: sai jini ya zo kwana 5, ya ɗauke kwana 2, sannan ya dawo ya yi mako guda, da yawa kuma, har da guda-guda. Wani lokacin in na miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe ni. Ni dai ba na salla sai ya ƙare gaba ɗaya. Sannan surukata, da muke gida ɗaya, ta ce mai haila ba ta wanke kai, ba ta kitso, ba ta yanke farce, wai duk gashin da ya zuba zai tashi da ƙazanta ranar alƙiyama ya kama ni. Shin haka abin yake?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah, Allah ya ba ki lafiya. Kin ƙarfafa tambayarki a kan kitso da farce, amma abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kwana biyun nan da kika ambata a tsakiya kika wuce. A nan hukuncin yake.

Idan jinin ya ɗauke ɗaukewa ta gaskiya, ke mai tsarki ce a waɗannan kwana biyun. Wajibi ne ki yi wanka, ki yi salla, ki yi azumi in Ramadan ne, kuma mijinki ya halatta gare ki. Ɗaukewa ta gaskiya ba wai ki duba ƙunzugu ki ga babu komai ba ne. Za ki sa farar auduga ko farin ƙyalle a wurin, ya fito babu ja, babu fatsi-fatsi, babu ruwan ƙasa-ƙasa, ko kuma ki ga farin kumfa. In ya fito da ɗaya daga cikin waɗancan launuka, har yanzu kina cikin haila, babu komai a kanki.

Malaman Malikiyya suna kiran irin halinki talfiƙi, wato a tattara kwanakin jini kawai a lissafa, a tsallake na bushewa. Haka Shehu Khalil ya faɗa a Mukhtasar, ya ce mace ta yi wanka duk lokacin da jinin ya yanke. Mace mai sananniyar al'ada, in jini ya zarce mata, tana ƙara kwana 3 a kan mafi tsawon al'adarta, muddin ba ta haura 15 ba. To a watan farko da abin ya same ki, iyakarki kwana 10 ne na jini. Kin ga jini na kwana 12, saboda haka biyun ƙarshe jinin ciwo ne, ya kamata a ce kin yi wanka kin ci gaba da salla. A wata na biyu al'adarki ta zama 10, da ƙarin 3 ta kai 13, sai duk kwana 12 ɗin suka shiga cikin haila, haka ma watannin da suka biyo baya. Abin da ke kanki ke nan shi ne sallolin kwana 2 na bushewa a kowane wata, salla 40 ke nan a wata huɗu, da salla 10 na ƙarshen watan farko. Ki rama su a jere gwargwadon ƙarfin jikinki. Rashin sani ya ɗauke miki zunubi in sha Allah, amma bai ɗauke ramuwa ba.

Daga yau ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da ya zo, ranar da ya ɗauke, da ranar da ya dawo. Ki lura kuma da kwanakin da ke tsakanin ƙarewar wannan da farawar na watan gaba. In sun kai 15, sabuwar haila ce. In ba su kai ba lissafin ya sauya, sai ki sake turo tambaya da kwanakin a rubuce.

Maganar Hajiya surukarki kuwa ba ita ta ƙirƙiro ta ba, don haka kada ki raina ta. Tana da asali a littafi. Imamul Gazali ya kawo a cikin Ihya'u cewa bai kamata mai janaba ya yi aski ko ya yanke farce ba, saboda sassan jikinsa za su dawo masa a lahira da janaba, kuma "ana cewa" kowane gashi zai neme shi da janabarsa. Daga nan maganar ta shiga zaure, ta shiga cikin gida, har aka ɗora ta a kan mai haila. Sai dai girman malami ba ya mayar da "ana cewa" ta zama hadisi. Abin da zai faru ranar alƙiyama gaibu ne, ba a saninsa sai ta hanyar aya ko ingantaccen hadisi, kuma a nan babu ko ɗaya.

Ba ma rashin dalili kaɗai ba, dalilin da ya inganta kishiyar haka yake nunawa. A hajjin ban kwana, shekara ta 10 bayan hijira, haila ta zo wa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, a Sarif, kafin su shiga Makka. Da lokacin Arfa ya riske ta ba ta yi tsarki ba, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce ta da ta warware kanta ta taje. Buhari da Muslim duk sun ruwaito. Wace mace ce za ta tsefe kai ta sa mataji gashi bai zuba ba? Da zubar gashin mai haila abin tsoro ne, da ba za a umarci Uwar Muminai da shi ba, a wuri mafi alfarma, a ranaku mafiya alfarma. Buhari ya kuma kawo maganar Aɗa'u, babban malamin Makka cikin tabi'ai, cewa mai janaba yana iya yin ƙaho, ya yanke farce, ya aske kansa, ko da bai yi alwala ba. An tambayi Ibnu Taimiyya wannan mas'ala, ya ce bai san wani dalili na shari'a da ya karhanta hakan ba.

Wasu sukan ce ai barin ya fi, don ihtiyaɗi, wato taka-tsantsan. Ihtiyaɗi a inda dalilai suka yi karo ake yinsa, ba a inda gefe ɗaya babu komai a hannunsa ba. Haila hukunci ne da ya hau kan mace ya hana ta wasu ibadu, ba dauɗa ce da ta shiga cikin gashi da farce ba. In ba haka ba, yaya za a yi da gashin da ke zuba da kansa a kan matashin kai? Kuma ihtiyaɗin nan cutarwa yake haifarwa. Ke yanzu mako biyu kike yi cikin wannan hali duk wata. A ce rabin rayuwarki kai babu wanki, farce na tara datti, kuma da hannun nan kike girki kike ba yara abinci? Shari'ar da ta sa yanke farce cikin fiɗira, wato ɗabi'un tsafta da aka halicci ɗan Adam a kansu, ba za ta nemi haka ba.

Saboda haka ki wanke kanki, ki yi kitso, ki yanke farce, ki sa lalle. Jan farce ne kawai za ki kankare kafin wankan tsarki, don yana hana ruwa taɓa farce. Zikiri da addu'a babu saɓani a kansu, karatun Alƙur'ani da ka ma Malikiyya sun halatta miki shi yayin da jinin ke zuba. Da Hajiya kuwa kada ki ja. Ki yi abinki a ɗakinki, ki bar wa ɗanta ya karanta mata hadisin A'isha cikin ladabi. Daga bakinsa zai fi shiga.

Sai abin da ba ki tambaya ba, amma ba zan yi shiru a kai ba. Jinin da ya wuce mako, yana zuwa da guda-guda, ga jiri, ba abin da za a zauna da shi a gida ba ne ana cewa "sanyi" ne. Jirin nan galibi alamar ƙarancin jini ce, balle in kina jin kasala, bugun zuciya, ko kwaɗayin taunar ƙanƙara da farar ƙasa. Ƙari a mahaifa yana kawo irin wannan zubar, allurar tazarar haihuwa da robar da ake sa wa a hannu suna rikita al'ada, wani lokacin ma ƙaramin ciki ne ya zube mace ba ta sani ba. Gwajin jini da hoton mahaifa ne ke bambancewa, ba ni ba, ba mai kemis ba. Ki tafi da littafin nan naki, likita ma shi zai fara tambaya. In babu likita mace, larura ta halatta namiji ya duba ki tare da mijinki ko wata mace a wurin. Ranar da kika ga kina jiƙa audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, kada ki jira gari ya waye.

Kafin nan ki kula da ci: hanta, nama, wake, zogale da alayyahu, ki kuma raba shan shayi da lokacin cin abinci, don yana rage abin da jiki ke ɗauka na sinadarin ƙarfe. Ki guji asfirin, yana ƙara zubar jini. In ƙunzugu kike amfani da shi, ki wanke da sabulu ki shanya a rana, ba a ƙarƙashin gado ba don kunya. Ƙyalle mai danshi ƙaiƙayi yake jawowa. Kada ki cusa kanwa, alif ko kayan matsi da sunan tsafta, wanke waje da ruwa ya wadatar.

Maigidanki kuma ki karanta masa wannan. Ya kai ki asibiti cikin makon nan, ya biya kuɗin gwaji da na auduga, ya rage miki ɗawainiyar gida a kwanakin da jinin ya yi ƙarfi. Kada ya tsaya neman ko malamai sun wajabta wa miji kuɗin magani, umarnin zama da mata da alheri ya ishe shi.

Allah ne mafi sani.