Masara ta faɗi a hannuna: in sayar ko in jira?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Da kaka na sayi masara buhu 100 a Mangu, kowane buhu naira 60,000, na ajiye a sito. Yanzu a kasuwar Katako 45,000 ake tayawa. Na ce ba zan sayar ba sai ta koma kuɗin da na saya. Ƙanena ya ce taurin kai ne. Wa ke da gaskiya?
Mai karatu daga Gangare, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Jira ba laifi ba ne, dalilinka na jiran ne ke da gyara. Kasuwa ba ta san nawa ka saya ba. Wannan 60,000 turke ce da zuciyarka ta ɗaure kanta a jiki, kuma haka ɗan Adam yake. A 1974 masana halayyar ɗan Adam biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun juya wa mutane wata ƙafar caca mai lambobi da aka shirya ta tsaya a kan 10 ko 65, sannan suka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 sun ce wajen 25, waɗanda suka ga 65 suka ce wajen 45. Lambar banza ma ta ja su, balle kuɗin da ya fita daga aljihunka. Binciken su biyun ya kuma nuna cewa zafin asara ya kai wajen ninki biyu na daɗin ribar da ta yi daidai da ita. Shi ya sa sayarwa take maka ɗaci, alhali asarar ta riga ta auku tun ranar da farashi ya sauka.

Ga tambayar da za ta raba gardama: da a ce naira miliyan 4.5 ce a hannunka yau, ba masara ba, za ka saye buhu 100 a kan 45,000 ka ajiye? In amsar a'a ce, to riƙewar ma ba ta da hujja.

Sai lissafin jira, wanda yawancin masu ajiya ke tsallakewa. Ka sa naka alƙaluman, waɗannan misali ne. Hayar sito 40,000 a wata, wato 400 kowane buhu. Ƙwari da raguwar nauyi, a ce kashi 1 cikin ɗari, 450. Kuɗin da ke kwance, in a shago yana kawo kashi 3 a wata, 1,350. Jimla 2,200 a kan kowane buhu, kowane wata. Bayan wata huɗu sai buhu ya kai 53,800 kafin ka yi daidai da wanda ya sayar yau. In damina ta kankama, danshi kan jawo fumfuna, sai dai in masarar ta bushe sarai kuma tana cikin buhun da iska ba ta shiga, irin na PICS.

Kada ka dogara da abin da ka tuna. Shekarar da masu ajiya suka yi kuɗi ita ake ta ba da labarinta, waɗanda suka karye ba sa zuwa majalisa su faɗa. Nemi 'yan kasuwa biyu ko uku masu rubutu a littafi, ka duba farashin wannan wata da na wata huɗu gaba a shekaru biyar da suka wuce. Sau nawa ƙarin ya wuce kuɗin jira? Dillali kuwa, a saurare shi, amma a tuna la'adarsa a kan ciniki take.

In har yanzu kana kokwanto, raba kayan uku. Sayar da kashi ɗaya yanzu. Sauran biyun ka rubuta musu farashi da rana tun yau, misali: in ta kai 52,000 ko ta sauka 41,000, ko ƙarshen Yuli ya yi, duk wanda ya riga, a sayar. Ranar ta zama kafin sabuwar masara ta shigo kasuwa. Ka ba ƙanen naka takardar ya riƙe, domin ranar da sharaɗin ya cika zuciya za ta ce a ƙara mako ɗaya.