Tambayoyinku: Yaya wayata ta san abin da nake so?

Tambaya: Malam, na buɗe sabon asusu a wata manhajar bidiyo. Keken ɗinkin ƙanwata ya lalace, sai na kalli bidiyo biyu kacal kan gyaransa. Tun ranar duk inda na duba keken ɗinki ne, ni kuwa ko zare ban iya sa wa allura ba. Ko wayar tana saurarenmu ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, ba sai ta saurare ki ba, bidiyo biyun nan sun ishe ta. Kuma ba sani ta yi ba, kintace ne, sai dai kintace mai lissafi. Tushensa wata maƙala ce ta Thomas Bayes, wani limamin coci a Ingila, wadda aka buga a 1763 bayan rasuwarsa: ka fara da zato, duk shaidar da ta zo ka gyara shi gwargwadon ƙarfinta.

Ga yadda abin yake a sauƙaƙe, da ƙa'idar Laplace, masanin lissafi Bafaranshe. Kafin ki taɓa komai, na'urar takan ɗauka kamar an taɓa nuna miki irin bidiyon guda biyu, kin kalli ɗaya kin tsallake ɗaya, wato rabi da rabi. Kika kalli biyu a jere, lissafi ya koma uku cikin huɗu, kashi 75 cikin 100. Wadda kuwa aka riga aka nuna wa 100 ta kalli 10, ko ta ƙara biyu, daga kusan kashi 11 za ta matsa zuwa 12 da rabi ne kawai. Sabon asusu kamar tulun da ba komai a ciki ne, ɗan ruwa kaɗan sai ƙara.

Manyan manhajoji sun fi haka sarƙaƙiya, don suna kwatanta ki da masu kallo irin naki. Wannan fanni ne kamfanin finafinai na Netflix ya sa wa gasar dala miliyan ɗaya a 2006, ba a ci ba sai 2009.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, kuma har yau yake wahalar da masu bincike, shi ne na'urar tana ganin kallo amma ba ta ganin dalili. Tela da yayar tela duk ɗaya ne a wurinta.

Ki daina buɗe su. In kika tsallake shida a jere, lissafin nan ya faɗo uku cikin goma, sai ta fara gwada ki da wani abin daban.