Rumfar jirgin ruwa mai aiki da lantarki: me zan duba kafin in biya kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa mai tsawon ƙafa 22, jikinsa faiba ne, muna fita da iyali a kan ruwan Legas ranakun hutu. Rumfar da ke kansa ta hannu ce, sai mutum biyu sun kama kafin ta tashi. Na ga wadda ake danna maɓalli ta buɗe da kanta. Wacce zan saya, kuma me ke saurin lalacewa a jikinta? Daga wani Alhaji mai karatunmu a Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Iri biyu za ka tarar a kasuwa. Ta farko mai baka ce: ƙarafa uku ko huɗu da aka lanƙwasa, da hannun lantarki ɗaya a kowane gefe, shi ke ɗaga su ya kwantar da su. Ta biyu bututu ne a cikin bututu, yana zurowa ya ja yadin a miƙe, irin na SureShade. Wannan tana buƙatar rufi mai tauri ko ginshiƙin da za a ɗaura ta, don haka idan jirginka buɗaɗɗe ne, ta farkon ce taka. Sai dai ka lura, yawancin masu baka an ƙera su ne domin jirgin fantun, mai shimfiɗaɗɗen daɓe da shingen gorar-ruwa mai kusurwa huɗu. Ƙafarsu ba ta zama daidai a kan lanƙwasasshen gefen faiba sai an yi mata mazauni na musamman. Ka tambayi mai sayarwa wannan tun kafin maganar farashi.

Awo uku ake yi. Faɗi daga inda ƙafar dama za ta zauna zuwa inda ta hagu za ta zauna, ba faɗin jirgin gaba ɗaya ba. Tsayi daga mazaunin zuwa sama, ta yadda wanda ya fi kowa tsawo zai miƙe tsaye da ragowar inci 3 ko 4. Sai tsawon inuwa, wanda galibi ƙafa 6, 8 ko 10 ne. Akwai na huɗu da mutane ke mantawa: inda rumfar za ta faɗa idan ta kwanta. Idan ta sauka a kan murfin inji ko ta tare hanyar hawa, kullum kana cikin ɓacin rai.

Yanzu batun ruwa, kuma a nan ne kuɗi ke salwanta. Ruwan Legas yana da gishiri, ba kamar na Tiga ko tafkin Jabi ba. A ruwan gishiri ka nemi ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316. Mai lamba 304 ya fi araha, a ido duk ɗaya suke, amma sannu a hankali zai fara fitar da jan ɗigo a wuraren walda. Gorar-ruwa ba ta da nauyi kuma tana yi, muddin an yi mata rufin kariya daga masana'anta. Matsalarta ita ce inda noti marar tsatsa ya ratsa ta: ƙarfe iri biyu da ruwan gishiri a tsakani tamkar ƙaramin batir ne, gorar ce ke cinyewa, ta zama farin gari, notin ya kafe ko ramin ya buɗe. Maganin shi ne a shafa wa kowane noti man kariya irin Tef-Gel ko Duralac, a sa woshar roba a tsakani.

Kada ka yarda a ɗaure ƙafar da kusa mai cin faiba kawai. Hannun lantarki ba ya jin nauyi kamar hannun mutum, turawa kawai yake yi, duk ƙarfin kuma a kan mazaunin yake sauka. A huda, a sa noti mai ratsawa, a ɗora faranti a ƙasa ya raba nauyin, a toshe ramin da abin hana ruwa irin 3M 4200. Ka guji 5200, don ranar da za a cire sai ya tafi da fatar faiba.

Ɓangaren wuta kuwa, a volt 12 suke aiki daga batirin jirgi. Waya ta zama ta jirgin ruwa, tagulla mai rufin kuza, ba wayar gida ko ta mota ba, wadda ke yin kore daga ciki. Fiyus ya zauna kusa da batir, a cikin inci 7 bisa ƙa'idar ƙungiyar ABYC ta Amurka, girmansa kuma wanda takardar kamfanin ta faɗa. Kaurin waya lissafi ne. Misali, idan rumfar na jan amfiya 10, nisa mita 5 ne, to wutar na tafiyar mita 10 zuwa da dawowa. Waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 za ta zubar da kusan volt 0.7, mai 4 kimanin 0.4, mai 6 ƙasa da 0.3. Idan gefe ɗaya ya fi samun wuta, hannu ɗaya zai riga ɗaya, rumfar ta karkace, baka ya murɗe. Shi ya sa muka fi son wadda ke da akwatin daidaita hannayen biyu. Hannun kansa ya kasance da lambar kariya daga ƙura da ruwa ta IP66 ko sama.

Abin da muka fi nauyaya shi a nan: akwai hanyar sauke ta da hannu idan batir ya mutu? Wasu suna da fil da ake zarewa, wasu wurin sa sifana. Wadda ba ta da ko ɗaya, bar musu kayansu, domin hadari ba ya jiran ka nemo mai gyaran wuta. Sannan ka sayi hannu ɗaya na ajiya tare da ita, tunda daga waje za a kawo.

Tambaya ta biyu, daga wata Hajiya a Abuja: Tamu yadin ya koɗe, ɗinkin yana warwarewa, motar lantarkin da ke ɗaga rumfar kuma tana kuka idan hunturu ya shigo. Sabuwa za mu saya?

Amsa: Hajiya, da wuya sai an kai ga haka. Zare ne ke fara mutuwa a rana kafin yadi. Idan yadin bai yage ba in an ja shi da hannu, mai ɗinkin tamfol zai iya sake bin ɗinkin, amma ki ba shi zaren PTFE, irin Tenara, wanda rana ba ta ci. In kuwa sauya yadin za a yi, na akirilik da aka rina tun daga zarensa, kamar Sunbrella, ya fi foliyesta mai fenti a sama riƙe launi nesa ba kusa ba.

Kukan motar yawanci ƙura ce. Tana manne wa sandar da ke shiga da fita, ta cinye robar bakin bututun. Kada a sa giris, ƙura yake tarawa. A wanke da ruwa mai tsabta, a goge, a fesa mai na silikon marar danƙo a mahaɗai. A auna batir kuma: cikakke yana nuna kusan volt 12.6, idan ya sauka wajen 12.0 motar za ta yi nishi ko da lafiyarta ƙalau.

Da damina kada a naɗe yadin da jiƙa, funfuna za ta kama shi. In ta riga ta kama akirilik, kofi ɗaya na bilic da rubu'in kofi na sabulu marar ƙarfi a lita 4 na ruwa, a bar shi minti 15, a ɗauraye sosai. Ki kuma gaya wa direban jirgin ya duba iyakar gudun da kamfanin ya rubuta wa rumfar a buɗe. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin iska a kanta ninkawa huɗu yake yi, kuma ba a danna maɓallin sai jirgi ya tsaya ko yana tafiyar hawainiya.