Kumburin tonsil ɗaya da ya ƙi sauka

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce wata biyu ke nan gefe ɗaya na maƙogwaronsa a kumbure, ga kaluluwa a wuya, ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta bai sauka ba, har likita ya ambaci limfoma.

Limfoma kansa ce ta fararen ƙwayoyin jini, kuma takan fito a tonsil, wato ƴan tsokokin nan biyu da ke gefe da gefen cikin maƙogwaro. Hoton asibiti kaɗai ba ya tabbatar da ita. Sai likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya yanki ɗan nama an kai ɗakin gwaji, a yi masa rini na musamman don a gane wace iri ce. Zuƙo ruwa da allura sau da yawa ba ya wadatarwa.

Don Allah kada a ba shi magungunan rage kumburi irin su dexa ko prednisolone kafin a ɗauki naman. Suna sa kumburin ya sace na ɗan lokaci, sai gwajin ya rikice. Kada kuma a kai shi wurin wanzami a ce beli ne.

Limfomar da aka fi samu a tonsil, likitoci na kiranta DLBCL a taƙaice. Maganinta R-CHOP, wato haɗin magungunan kansa, ana yin sa duk kwana 21, galibi zagaye 6, wani lokaci a haɗa da gashin kansa da na'ura (radiotherapy), kuma mutane da yawa sun warke sarai. Kafin a fara, a gwada ciwon hanta na B da HIV.

Ku nemi likitan jini a asibitin koyarwa. In numfashi ko haɗiya ya fara yi masa wuya, ku tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.