Tambaya da Amsa: Kulocin tsohon babur ɗina yana zamewa

Tambaya: Malam, ina da ƙaramin babur Honda CT70 da na gada daga mahaifina, irin wanda ba shi da hannun kuloci. Idan na murɗa totur injin yana ihu amma babur ba ya ja, kik ma yakan sulluɓe ƙasa ba tare da ya juya injin ba. Bakanike ya ce sai an buɗe injin. Shin haka ne?
Daga mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Malam, Allah ya ji ƙan mahaifi. Shawarata ita ce kada ka yarda a buɗe injin tukuna. CT70, wanda Honda ta fara fitarwa a 1969, kulocinsa yana cikin baƙin mai ne, kuma gudun injin ne ke matse faifansa, shi ya sa ba a yi masa hannu ba. Kik ɗinsa ma ta kulocin yake bi kafin ya juya injin, saboda haka alamun nan biyu da ka ambata ciwo ɗaya ne.

Ka fara da baƙin mai. Da yawa cikin man motar da ake sayarwa a galan ana zuba masa sinadarin ƙara santsi, wanda ke amfanin mota amma yake hana faifan kulocin babur kamawa. Ka juye man da ke ciki injin yana da ɗumi, ka zuba na babur 10W-40 mai alamar JASO MA a jikin galan, wato alamar man da ya dace da kulocin da ke cikin baƙin mai.

Daga nan sai saiti, wanda a ganina shi ne aka fi sakaci da shi. A murfin injin na dama za ka ga wani sukur mai tsaga da noti ya ɗaure shi. Injin yana kashe, ka sassauta notin, ka juya sukur ɗin dama zagaye ɗaya, sannan ka dawo da shi hagu a hankali har sai ka ji ya ɗan cije a hannunka. Daga wurin ka mayar da shi dama kashi ɗaya bisa takwas na zagaye, ka riƙe shi da sukudireba yayin da kake ɗaure notin, domin idan ya bi notin ya juya, aikin ya ɓaci. Idan kuma babur yana zabura da zarar ka taka giya, silo ne, wato gudun injin idan ba a murɗa totur ba, ya yi yawa, sai a rage shi a kafireta.

Ka gwada shi a cikin unguwa, tunda dokar hanya ta Jihar Legas ta hana babura ƙasa da 200cc hawa manyan tituna, naka kuwa 72cc ne.

Idan bayan haka bai daina zamewa ba, to bakaniken ya yi gaskiya, faifan sun cinye ko sifirin sun saki. Ka tafi kasuwa da tsofaffin faifan a hannunka, domin na injinan China masu kama da shi ba kullum suke shiga daidai ba, kuma a jiƙa sababbin a baƙin mai kafin a ɗaura su da sabon gasket.