Zan tafi karatu Leeds: in ɗebi iyali mu tafi tare ko in fara yin gaba?

Tambaya: Ni malamin jami'a ne a Zariya. Na samu gurbin digiri na uku a Leeds, na shekara 3, tare da tallafin da zai biya kuɗin makaranta ya kuma ba ni alawus duk wata. Ina da mata ɗaya da yara uku, masu shekara 9 da 6 da 2, sai 'yar ƙanwata da nake riƙo. Ina so mu tafi gaba ɗaya. Nawa zan tanada, kuma alawus ɗin zai riƙe mu?

Amsa: Malam, Allah ya sanya alheri a wannan karatu. Ka yi sa'a ta fuska ɗaya: tun 1 ga Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu digiri na biyu na zaman aji tafiya da iyali, amma ta bar ƙofa ga masu digiri na uku da masu karatun bincike. Saboda haka doka ta ba ka dama. Abin da ya rage shi ne aljihu, kuma shawarata tun daga farko ita ce ka yi gaba kai kaɗai, ka kama gida, sannan su biyo ka. Ga dalili.

Mu fara da abin da za ka kashe tun ba ka bar Najeriya ba. A farashin 2025, bizar ɗalibi fam 524 ce, kuma kowane mutum da zai bi ka zai biya daidai wannan, har jinjirin. Ku biyar, ban da 'yar riƙo da zan zo kan maganarta, fam 2,620 ke nan. Sai kuɗin kiwon lafiya da ake karɓa tare da biza, fam 776 kowace shekara a kan kowane kai. Inda yake ɗaure wa mutane kai shi ne ba shekara-shekara ake biya ba, na dukan zaman ake karɓa lokaci guda. Ku biyar a shekara 3 ya kama fam 11,640, kuma zai ɗan haura saboda 'yan watannin da ake ƙarawa a ƙarshen biza. Akwai gwajin tarin fuka a asibitocin da aka amince da su a Abuja ko Legas, akwai tikitin jirgi.

Bayan wannan sai kuɗin nuni, wato kuɗin da za ka nuna a asusun banki cewa za ku iya riƙe kanku. Ga mai karatu a wajen Landan, kowane ɗan rakiya sai an nuna masa fam 680 a wata har na wata 9, wato 6,120. Mutum huɗu, fam 24,480. Dole kuɗin su kwana 28 a jere cikin asusu ba tare da sun ragu ko da rana ɗaya ba. In takardar masu tallafa maka ta ambaci iyalinka da sunayensu, ta ce za ta ɗauki nauyinsu, to ka huta da wannan. In kai kaɗai ta ambata, nauyin yana wuyanka. Ka haɗa kuɗin biza da na kiwon lafiya da na nuni za ka ga fam 38,740. In muka ɗauki fam a kan naira 2,000 don sauƙin lissafi, muna maganar sama da naira miliyan 77. Waɗannan adadi gwamnatinsu kan taɓa su kusan duk shekara, don haka ranar da za ka cike takarda ka duba shafin GOV.UK da idonka.

Wasu kan ari kuɗin nunin daga abokai ko 'yan canji, bayan biza ta fito su mayar. Ina roƙonka kada ka yi haka. Wannan fam 680 ɗin ba a saka ta don a wahalar da kai ba, a gaskiya ma ba ta kai abin da mutum yake ci a wata ba. Wanda ya mayar da kuɗin aro ya sauka a Manchester da yara uku da jaka, shi ne wanda bayan sati uku yake bugo waya gida ana sayar masa da fili.

Maganar 'yar riƙo kuwa, gara ka ji ta yanzu. Riƙo irin namu, wanda ƙanwarka ta ɗauko yarinya ta ba ka a gaban dangi, ba shi da gurbi a wannan biza. Suna neman ɗan cikinka ko wanda ka ɗauka ta hanyar shari'ar da suka yarda da ita. Kada wani dillali ya ce zai saka ta a matsayin 'yarka. In aka gano ƙarya a takarda, ana iya hana mutum shiga ƙasar har shekara 10, kuma karatun naka ne zai tafi. Ka zauna da mahaifiyarta ku tsara inda za ta zauna da makarantarta tun da wuri. Masu mata fiye da ɗaya su ma su sani, mace ɗaya ake ba biza, kuma yaro ba ya samu sai iyayensa biyu suna can ko suna nema tare, in ba an tabbatar da cewa ɗayansu ne kaɗai ke ɗauke da nauyinsa ba.

Yanzu zaman kansa. Ba ka faɗi yawan alawus ɗinka ba, to bari mu auna da na UKRI, hukumar da ke ba da tallafin bincike a Birtaniya, wanda jami'o'i da yawa suke bi: fam 20,780 a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026, kimanin 1,730 a wata, babu haraji. In ka juya shi naira sai ka ga miliyan uku da rabi, zuciya ta yi fari. Ka daina juyawa. Da fam za ka biya haya, da fam za ka sayi madara.

Haya ita ce mai cinye rabin komai. Babu mai gidan da zai ba mutum biyar ɗaki ɗaya, sai mai ɗaki biyu ko uku, kuma a Leeds irin wannan gida yakan kai fam 1,000 ko ya wuce. Bradford ta fi sauƙi sosai, jirgin ƙasa kuma kusan minti 20 ne tsakaninsu, ga masallatai, ga mahautan halal, ga makarantun Islamiyya na yamma. Da ni ne can zan fara dubawa. Kafin a ba ka makulli za ka ajiye kuɗin jingina na sati biyar da hayar watan farko, kuma galibi za a ce ka kawo wanda zai tsaya maka, mazaunin ƙasar mai albashi. Baƙon da ya sauka jiya ina zai samo shi? Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ka yi gaba. Kai ɗaya za ka iya raɓawa a ɗakin ɗalibai kana nema a tsanake. Da iyali kuwa sai otal ko gidan kwana-kwana, kuɗin wata ya ƙare a kwana goma. Ga shi kuma ƙaramar hukuma ba ta ba yaro makaranta sai da adireshi.

Wuta da gas na matsakaicin gida sun yi ta yawo tsakanin fam 1,700 da 1,850 a shekara cikin 2025, kuma nauyin a hunturu yake faɗowa. Tsofaffin gidajen bulo na arewacin Ingila suna shan gas, ga raɓa a bango in ba a ɗumama su ba. Wanda ya saba da sanyin Zariya na Janairu zai ɗauka ya san sanyi, sai ya ga ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, yara sun dawo makaranta a jiƙe, kayan wanki sun kwana biyu a kan ƙarfen ɗumama ɗaki ba su bushe ba. Harajin ƙaramar hukuma an ɗauke wa ɗalibi, amma sai ka karɓi takardar shaida daga jami'a ka kai musu. Makarantar gwamnati kyauta ce ga manyan yaran biyu, kayan makaranta ne naka. Abinci, in uwargida za ta yi girki a gida kuna sayayya a Aldi ko Lidl da shagunan 'yan Pakistan, zai yi sauƙi fiye da yadda ake tsoro. Amma a bizarku an rubuta ba ku da haƙƙi a kuɗin tallafin gwamnati: babu kuɗin yara, babu taimakon haya.

To ka cire haya da wuta da ruwa da kuɗin mota daga 1,730, ka ga abin da ya rage wa baki biyar. Ba zai isa ba. Dole wani kuɗi ya shigo, kuma a nan ne maganar ta koma kan uwargida. Kai awa 20 a sati aka yarda ka yi aiki, kuma mai digiri na uku ba shi da dogon hutu irin na sauran ɗalibai. Ita kuwa tana da izinin cikakken aiki. A mafi ƙarancin albashi na Afrilun 2025, fam 12.21 a awa, za ta iya kawo kusan 1,700 a wata bayan haraji. Sai dai wa zai riƙe ɗan shekara biyun? Gidan reno na yini cikakke yakan haura fam 1,000 a wata. Awa 15 na reno kyauta a sati da ake ba kowane yaro, sai bayan ya cika shekara 3 yake samu. Babu kaka, babu ƙanwa, babu maƙwabciyar da za a miƙa mata goyo ta katanga, kuma barin yara su kaɗai a gida na iya jawo muku jami'an kula da yara. Abin da iyalai da yawa suke yi shi ne karɓa-karɓa: miji yana jami'a da rana, mata tana aikin dare a gidan tsofaffi ko rumbun kaya, suna haɗuwa a bakin ƙofa. Ana yi, amma da wuya, kuma ita ce za ta fi ɗanɗanawa. Ka zaunar da ita ka faɗa mata wannan dalla-dalla, ka ji ta bakinta kafin a biya ko sisi. In tana da takardar jinya ko koyarwa, ta fara bin hanyar rajista tun tana gida.

Abu na ƙarshe, in da naira ake biyan tallafinka ko ajiyarka, ka tuna 2023 da 2024, lokacin da fam ta tashi daga ƙasa da naira 600 a farashin gwamnati ta haura 2,000. Ɗaliban Najeriya a jami'ar Teesside sun kasa cika kuɗin makaranta a 2024 har aka ce wasu su bar ƙasar. Ka tambayi masu tallafa maka a rubuce da wane kuɗi za su biya, kuma a wane wata.

Ka tafi a Satumba, ka kama gida, ka ga abin da wata uku suke ci da idonka. Iyali suna iya neman bizarsu daga baya a kan taka. In ka shirya su iso lokacin da ƙaramin ya kusa cika shekara 3, kuɗin reno ya ragu, sun kuma tsallake hunturun farko.